Yadda Ake Auna Ƙwarin Jiki da Wayewar Motsa Jiki a Tsakanin Ɗaliban Jami'a a Sakkwato

Wanda ya bi ta gefen filin ƙwallo na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Jami'ar Jihar Sakkwato bayan sallar La'asar, ya ga samari suna ta fafatawa cikin ƙura, zai iya ɗauka cewa ɗalibanmu ba su da matsala ta fuskar motsa jiki. Amma waɗanda ke filin kaɗan ne daga cikin dubban da ke karatu, kuma fuskokinsu kusan ɗaya ne kullum. Sauran suna ɗakunan kwana, ko ɗakin karatu, ko sun hau kabu-kabu sun koma cikin gari, kuma a cikinsu akwai wanda rabonsa da yin gumi da gangan tun yana makarantar sakandare. Saboda waɗannan ne ake yin awon da zan bayyana a nan, kuma duk malamin da ya shirya shi, ko ɗalibin da zai yi shi domin kundin kammala digiri, ya kamata ya riƙe wannan a ransa tun daga ranar farko.

Abubuwa biyu ake aunawa, kuma wajibi ne a rarrabe su. Na ɗaya shi ne ƙwarin jiki, wato abin da zuciya da huhu da tsoka da gaɓoɓi za su iya yi a yau. Na biyu shi ne abin da nake kira wayewar motsa jiki, ra'ayin da wata malama 'yar ƙasar Ingila, Margaret Whitehead, ta yi fice wajen yaɗa shi. A bayaninta, wannan wayewa ta ƙunshi sha'awar motsa jiki, da yarda da kai, da iya sarrafa gaɓoɓi, da sani da fahimtar da za su sa mutum ya ɗauki motsa jiki da daraja har ya riƙe shi tsawon rayuwarsa. Saurayin da ya taso yana noma a karkarar Wurno ko Gwadabawa zai iya zuwa jami'a da ƙarfin da ya fi na kowa a ajinsu, amma idan yana ganin motsa jiki wahala ce da karatu ya zo ya raba shi da ita, to cikin shekara huɗu ƙarfin zai zube, kuma babu abin da zai sa ya nemi mayar da shi. Awon tsoka kaɗai ba zai nuna wannan haɗari ba.

Matakin farko ba a fili ake yin sa ba, a ofis ake yin sa. Sai a rubuta takardar neman izini zuwa ga kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike a jami'a ko a asibitin koyarwa, a bayyana abin da za a auna, da wanda zai auna, da inda za a ajiye bayanan. Bayan an sami amincewa, kowane ɗalibi zai karanta takardar yarda ya sa hannu da kansa, kuma a faɗa masa baki da baki cewa yana da damar janyewa a kowane lokaci, cewa kuma shigarsa ko ƙin shigarsa ba ta da alaƙa da makin jarrabawa. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, domin ɗalibi a ƙasarmu ba ya iya cewa malaminsa a'a cikin sauƙi, saboda haka ya fi kyau wanda ke karɓar sa hannun ya zama ba shi ne ke koyar da ɗalibin ba. Kowane mutum a ba shi lamba, ita za a riƙa rubutawa a takardun awo, sunayen kuma su zauna a wani littafi dabam a hannun mutum ɗaya.

Daga nan sai zaɓen waɗanda za a auna, kuma a nan ne na fi ganin ayyuka suna lalacewa. Idan aka liƙa sanarwa aka ce mai sha'awa ya zo, 'yan ƙwallo da masu ɗaga ƙarfe ne za su cika wurin, sakamakon kuma zai fito da kyau ƙwarai amma ba zai zama hoton ɗalibai ba. Hanyar da ta dace ita ce a karɓi jerin sunayen ɗalibai daga tsangayoyi daban-daban, daga 'yan aji ɗaya har zuwa 'yan ajin ƙarshe, a yi ƙuri'a, sannan a bi waɗanda ƙuri'ar ta faɗa kansu ɗaya bayan ɗaya a gayyace su. A tabbata akwai mazauna ɗakunan kwana da masu zuwa daga gari, akwai maza akwai mata, akwai matan aure. Ɗalibai mata kuwa, mata ne za su auna su, a cikin zaure mai ƙofa wanda maza ba sa shiga a lokacin. Idan ba a tanadi haka ba, yawancinsu ba za su zo ba, kuma suna da gaskiya.

Lokaci a Sakkwato ba ƙaramin al'amari ba ne. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, kuma sa ɗalibi gudu a irin wannan yanayi ganganci ne. A tsakiyar hunturu kuma, wajen Disamba da Janairu, ƙura tana tayar wa masu asma da ciwonsu, tana kuma rage numfashin lafiyayyu. A ganina watan Nuwamba ya fi dacewa, lokacin da damina ta ɗauke, zafi ya fara sauka, hazo bai yi kauri ba. A fara aiki bayan sallar Asuba da gari ya waye, a gama duk abin da ya shafi gudu kafin ƙarfe 9 na safe. A kauce wa watan azumi da makonnin jarrabawa, domin barci da abinci da zirga-zirgar ɗalibi duk suna sauyawa a lokutan. Kwana ɗaya kafin awo a sanar da ɗalibai su yi barci isasshe, su sha ruwa, kada su yi wasa mai tsanani, kada kuma su ci abinci mai nauyi cikin sa'o'i biyu zuwa uku kafin su iso.

Ranar awo, kafin kowa ya ɗaga ƙafa, sai tantance lafiya. Akwai gajerun tambayoyi guda 7 da aka tsara a ƙasar Kanada, waɗanda ake kira PAR-Q, da ke tambayar ko likita ya taɓa cewa mutum yana da ciwon zuciya, ko yana jin ciwon ƙirji, ko jiri yana ɗibarsa har ya faɗi, ko yana da ciwon gaɓoɓi da motsi zai tsananta, da makamantan haka. Wanda ya amsa da e a ko da guda ɗaya, sai ya ga likita kafin ya shiga gwaji mai wahala. A namu yanayin dole a ƙara tambaya kan ciki ga mata, da asma, da zazzaɓin da aka yi kwanan nan, da kuma rukunin jini na gado. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, kuma mai SS ba a sa shi gwajin da ake ƙure ƙarfi. Mai AS ma, duk da cewa yana rayuwarsa lafiya, an san cewa gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da shi, saboda haka a sa masa ido, ko a ba shi gwaji mai sauƙi. A ajiye ma'aikacin lafiya a wurin, da ruwan sha, da inuwa, da mota a shirye. Duk wanda ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, a tsayar da shi nan take ba tare da jiran ya gama ba.

Bayan tantancewa, ɗalibi ya zauna a kujera mai jingina na tsawon minti 5, ba ya magana, ba ya danna waya, sannan a auna hawan jininsa da bugun zuciyarsa, a maimaita bayan minti ɗaya ko biyu a ɗauki matsakaici. Bugun zuciyar babban mutum a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Wanda hawan jininsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a rubuta masa takarda zuwa asibitin makaranta domin a sake dubawa a wata rana, kada a ce masa yana da hawan jini daga awon rana ɗaya.

Tun ɗalibi yana zaune jikinsa bai gaji ba ya kamata ya cike takardun tambayoyi, domin wanda ya riga ya sha kaye a gudu zai amsa tambayar yarda da kai da ɓacin rai. Takarda ta farko ita ce ta yawan motsa jiki, wato gajeren IPAQ mai tambayoyi 7 a kan kwanaki 7 da suka wuce. Abin farin ciki shi ne masana a Jami'ar Maiduguri sun fassara shi zuwa Hausa sun kuma gwada ingancinsa, aka buga aikin a 2011, saboda haka babu dalilin da zai sa kowa ya ƙirƙiro tasa fassarar. Lissafinsa haka yake: a ninka mintoci da yawan kwanaki, sannan a ninka da 3.3 idan tafiyar ƙafa ce, da 4 idan aiki ne matsakaici, da 8 idan mai tsanani ne. Ɗalibin da ke tafiyar minti 30 zuwa lacca kwana 5 a mako ya sami 495, idan kuma yana buga ƙwallo na minti 60 sau biyu ya ƙara 960, jimilla 1,455. A ƙa'idar takardar, 600 ne ƙofar shiga matsakaicin mataki, 3,000 kuma ta babban mataki, tare da sharuɗɗan yawan kwanaki da ke cikin jagorar lissafin. Mutane sukan ƙara gishiri a irin wannan takarda, ba don ƙarya ba, sai don tafiya cikin rana tana yi wa mutum tsawo a rai. Saboda haka mai tambaya ya taimaka da misalai na zahiri: daga ɗakin kwana zuwa tsangaya minti nawa ne, ɗibar ruwa da wanki da hannu sau nawa a mako, yaushe aka hau mashin yaushe aka taka. Mata da yawa za su ce ba sa motsa jiki sam, alhali shara da wanki da ɗaukar bokiti suna cikin lissafi.

Takarda ta biyu ita ce ta wayewar motsa jiki. Wadda aka fi amfani da ita ga manya ita ce PPLI mai jimloli 9, wadda masana a Hong Kong suka fitar a 2016 domin malaman motsa jiki, daga baya aka gwada ta a kan matasa da ɗaliban jami'a. Ɗalibi yana nuna gwargwadon amincewarsa da kowace jimla daga 1 zuwa 5, kuma jimlolin sun shafi sani da fahimta, da yarda da kai, da mu'amala da wasu ta hanyar wasa. Kada a ɗauko ma'aunin da aka yi wa yaran firamare na Kanada a ɗora wa ɗan shekara 22. Idan za a mayar da jimlolin zuwa Hausa, mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, wani na uku da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar zuwa Turanci, a kwatanta, sannan a gwada ta a kan ɗalibai kaɗan a tambaye su abin da suka fahimta. Ina kuma ba da shawarar a ƙara 'yan tambayoyin sani kai tsaye, misali ko ɗalibi ya san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta nemi babban mutum ya yi minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. A ƙarshe a bar fili ɗalibi ya rubuta da hannunsa abin da ke hana shi motsa jiki: zafi ne, rashin wuri ne, kunya ce, yawan lacca ne, ko yunwa ce. Sau da yawa wannan layi ɗaya ya fi duk lambobin amfani ga hukumar makaranta.

Sai awon jiki. A ɗora sikeli a kan siminti mai tauri wanda ya shimfiɗu daidai, ba a kan yashi ko tabarma ba, a gwada shi kowace safiya da wani abu da aka san nauyinsa. Ɗalibi ya cire takalmi da hula, ya fitar da waya da makullai daga aljihu, ya tsaya da tufafi marasa nauyi. Tsawo kuma a jikin bango ake auna shi, dugadugai a haɗe, ido yana kallon gaba, kuma mace ta sassauta ɗaurin gashi idan ya yi tudu a saman kai. Domin gane ko nauyi ya dace da tsawo, a raba nauyi na kilo da tsawo na mita da aka ninka da kansa: mai kilo 62 da tsawon mita 1.72 zai sami 21. Ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce. A wajenmu kada hankali ya tafi ga ƙiba kaɗai, domin ɗalibin da guzurinsa ya ƙare kafin ƙarshen zango yana iya faɗowa ƙasa da 18.5, kuma shi ma labari ne da ya kamata a ji. Ƙugu kuma da tef irin na tela ake auna shi, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan mutum ya fitar da numfashi a hankali. Haɗari yana farawa daga santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, kuma ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada zagayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum.

Daga nan a ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10 da sassarfa da miƙe-miƙe, sannan a shiga gwajin tsoka da gaɓoɓi. Ƙarfin damƙa da na'urar matsawa ake auna shi, ɗalibi yana zaune, gwiwar hannu a lanƙwashe daidai kusurwa a jikin haƙarƙari, ya matsa iya ƙarfinsa sau uku a kowane hannu, a rubuta mafi girma da kilo. Ƙarfin ƙafa kuma da tsalle daga tsaye: a ja layi da alli, ya tsaya ƙafa biyu a bayansa, ya yi tsalle gaba, a auna daga layin zuwa dugadugin da ya fi kusa da shi, sau biyu ko uku. Juriyar hannu da ƙirji da fures-of ake gane ta, a ƙirga iya adadin da ya yi daidai ba tare da hutawa ba, mata kuma suna iya yi a kan gwiwa muddin an rubuta cewa haka aka yi. Lanƙwasuwa kuwa, ɗalibi ya zauna ƙafafu a miƙe, tafin ƙafa a jikin akwati mai rula a samansa, ya miƙa hannu gaba a hankali ba tare da gwiwa ta tashi ba. Kafinta zai iya haɗa akwatin, sai dai a rubuta lambar da ke daidai tafin ƙafa, domin wasu suna sa 23 wasu 26, kuma rashin faɗin wannan yana hana a kwatanta sakamako da na wani.

Iya sarrafa gaɓoɓi, wanda ginshiƙi ne na wayewar motsa jiki, yana buƙatar a gan shi da ido. Tsayuwa da ƙafa ɗaya hannu a ƙugu ana ƙirga daƙiƙoƙi, da gudun kai-da-komo na mita 10 sau huɗu, da jefa ƙaramar ƙwallo a bango ana cafewa da ɗaya hannun na daƙiƙa 30, sun isa su nuna wanda jikinsa ke yi masa biyayya. Wanda ya yi langa ko kokawa ko carafke a ƙuruciya yakan bayyana a nan ko da ya daɗe bai yi wasa ba.

Gwajin zuciya da huhu shi ake bari ƙarshe saboda yana gajiyarwa, kuma idan akwai hali a ware masa rana tasa. Ga waɗanda suka saba gudu akwai gwajin minti 12 da likitan sojan saman Amurka Kenneth Cooper ya fitar a 1968: mutum ya yi iya nisan da zai iya cikin minti 12 a zagayen da aka auna tsawonsa da tef, ana sa alama kowace mita 50. A cire 504.9 daga nisan da ya yi na mita, a raba da 44.73, abin da ya fito shi ne ƙiyasin iskar oksijin da jikinsa ke iya amfani da ita a minti ɗaya bisa kowane kilo. Wanda ya yi mita 2,400 zai sami kimanin 42.4. Amma ga yawancin ɗalibai, musamman mata da waɗanda suka daɗe ba su yi gudu ba, na fi son gwajin hawa benci na Kwalejin Queens, domin ana yin sa cikin zaure, ba ya ƙure ƙarfi, kuma babu wanda ke jin kunyar zuwa na ƙarshe. Tsawon bencin santimita 41.3 ne, ana hawa da sauka na minti 3, maza sau 24 a minti, mata sau 22, ana bin ƙarar manhajar waya mai buga 96 ga maza da 88 ga mata. Da an gama, ɗalibi yana tsaye, a jira daƙiƙa 5, a ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15, a ninka da 4. Domin samun irin wancan ƙiyasi na iskar oksijin, ga namiji a ninka adadin da 0.42 a cire daga 111.33, ga mace a ninka da 0.1847 a cire daga 65.81. Ɗalibar da aka ƙirga mata 39, wato 156 a minti, za ta sami kimanin 37. Kuskuren bugu biyu a ƙirga yana zama takwas bayan an ninka, saboda haka masu ƙirgar su yi atisaye a kan junansu na kwanaki kafin ranar, kuma mutum ɗaya ya riƙe tasha ɗaya daga farko har ƙarshe.

A shigar da lambobin cikin kwamfuta a ranar da aka tattara su, wani dabam ya sake bi ya duba, a raba na maza da na mata wajen lissafi. Wajen fassara sakamako a tuna cewa jadawalin da ke cewa wannan adadi mai kyau ne wancan mai rauni ne, yawancinsa a kan mutanen Turai da Amurka aka gina shi, haka ma lissafin benci a kan ɗaliban Amurka aka fitar da shi. Za a iya amfani da su a matsayin madubi, amma abin da ya fi ƙarfi shi ne kwatanta ɗalibi da abokan karatunsa, da kuma kwatanta shi da kansa bayan wani lokaci. A ɗora makin wayewa kusa da makin ƙwari a duba: mai ƙarfi amma marar sha'awa yana buƙatar a nuna masa dalili, mai sha'awa amma marar yarda da kai yana buƙatar wuri mai sirri da abokan yi, wanda ke da duka biyun kuma zai iya jagorantar 'yan ɗakinsu.

Kowane ɗalibi a miƙa masa sakamakonsa a rufe, a zauna da shi na 'yan mintoci a yi masa bayani da harshen da yake ji, ba a gaban abokansa ba, kuma ba a liƙa jerin sunaye a allo. A taimaka masa ya zaɓi abu ɗaya da zai iya, kamar tafiya mai sauri ta minti 30 bayan Asuba kwana biyar a mako, ko sauka daga mashin tun kafin a kai ƙofar tsangaya. Hukumar makaranta kuma a kai mata taƙaitaccen rahoto marar suna, wanda ya ƙunshi abin da ɗalibai suka rubuta da hannunsu game da abin da ke hana su. Bayan mako 10 zuwa 12 a sake kiran mutanen nan, a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, da sikeli da benci iri ɗaya da masu awo iri ɗaya. Idan an yi na farko a farkon Nuwamba, na biyu zai faɗo wajen ƙarshen Janairu, don haka a zaɓi safiyar da hazo ya yi sauƙi, a kuma rubuta yanayin ranar a saman kowace takarda.